Yadda ake auna ozon da hasken leza, da yadda ake gane ko awon daidai ne

"Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Katsina. Ina cikin darasin iskar ozon na ce wa ɗalibai akwai na'urar da ke harba hasken leza sama, ta auna yawan ozon a nisan kilomita talatin ko arba'in. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Malam, tunda ba wanda ya hau can ya gani, yaya aka san na'urar ba ƙarya take yi ba? Na dai yi mata 'yan kwane-kwane, amma ban gamsar da ita ba, ni ma ban gamsu ba. Don Allah a warware mini."

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka gaishe mini da ɗalibar nan, Allah Ya yi mata albarka. Abin da ta tambaya shi ke cinye rabin lokacin masu wannan aiki, ɗaya rabin kuma jiran gari ya washe ne. Lokacin karatuna a ƙasar waje na yi 'yan shekaru ina kwana a ɗakin irin wannan na'ura, in kunna ta bayan magariba in kashe kafin asuba, da rana kuma in zauna kan lissafin abin da ta tattaro. Ba ni na ƙera ta ba, in lezar ta yi gardama sosai injiniya muke kira. Saboda haka amsar mai awo da lissafi zan ba ka.

Tambayar gida biyu ce. Akwai yadda hasken da aka harba daga ƙasa ke faɗin yawan ozon a kowane tsayi, akwai kuma wanda ke bin diddigin awon, tunda babu wani sikeli da aka rataye a sama da za a je a gwada. Ta biyun ta fi nauyi, amma sai an bi ta kan ta farko ake isa gare ta.

Abin da ya sa ake shan wannan wahala

Ozon oksijin ce mai ƙwaya uku maimakon biyu. Kusan kashi 90 cikin 100 nata na can wani ɓangare na sama da ake kira sitiratosfiya, wanda a ƙasashen zafi irin namu yake farawa daga wajen kilomita 17 ya kai kilomita 50. Ba ta da yawa. Da za a tattaro duk ozon da ke bisa kanka a sauko da ita ƙasa, kaurinta wajen milimita uku ne kawai, abin da ake kira ma'aunin Dobson 300, daga sunan Gordon Dobson na jami'ar Oxford da ya fara wannan awo a shekarun 1920. Na'urar Dobson rana take duba ta ba ka jimilla, jimilla kuwa ba ta gaya maka a wane tsayi aka yi asara.

Tsayin kuma yana da muhimmanci. Sinadaran CFC, da a da ake sawa a firji da na'urorin sanyaya ɗaki, sun fi yin ɓarna a wurare biyu: saman Antatika, inda aka bayyana ramin ozon a 1985, da kuma wajen kilomita 40, inda ozon ta riƙa raguwa da kusan kashi 6 cikin 100 a kowace shekara goma. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta taƙaita amfani da waɗannan sinadarai, abin ya tsaya, kuma rahoton ƙwararru na 2022 ya nuna tun daga 2000 ozon ta wannan tsayi tana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a shekara goma a saman ƙasashe irin su Turai. Kashi biyu a shekara goma, Malam. Na'urar da za ta ba da shaidar wannan dole ta zama ba ta zamewa da ko kashi ɗaya a tsawon wannan lokaci, duk da an canza mata kayan ciki, an canza ma'aikata.

Yadda lida ke aiki

Sunan na'urar lida, 'yar'uwar rada ce, sai dai ita haske take aikawa maimakon igiyar rediyo. Leza tana harba ɗan guntun haske sama. Ƙwayoyin iska suna watsa shi ta ko'ina, ɗan kaɗan ya dawo ƙasa ya faɗa cikin babban madubi, madubin ya tattara shi kan wani bututu mai ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya. Tsayi kuwa agogo ke faɗarsa. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka wanda ya dawo daga kilomita 30 ya yi tafiyar kilomita 60 ke nan, cikin kashi 200 na miliyan ɗin daƙiƙa. Kowane kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 150 na tsayi. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Wannan kaɗai ba ya ba da ozon. Dabarar ita ce a harba haske iri biyu a tare, masu zango daban, kamar yadda tashoshin rediyo ke da gajeren zango da matsakaici. Na farko mai zangon nanomita 308 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), daga leza mai aiki da iskar zenon da kulorin, ozon tana shanye shi. Na biyu mai nanomita 353 ko 355, ozon kusan ba ta taɓa shi. Duka biyun ido ba ya ganinsu. In kana son sanin inda hasken ya bi a cikin ɗaki, sai ka sa tabarau na kariya ka tara farar takarda, ka ga ta yi wani shuɗi-shuɗi a daidai wurin.

Ga misalin da za ka iya ba ɗalibai. Direbobi biyu sun tashi daga tasha ɗaya, hanya ɗaya, kuɗin guzuri ɗaya. Duk inda ɗaya ya sha mai ɗayan ma ya sha, duk inda ɗaya ya ci abinci ɗayan ma ya ci. Bambancinsu ɗaya ne: na farko shanu ya ɗauko, don haka duk shingen harajin dabbobi sai ya biya, na biyun kuwa wucewa yake. Idan a kowane gari kana leƙa aljihunsu, ba ruwanka da nawa suka fito da shi daga gida. Abin da kake duba shi ne inda tazarar da ke tsakanin aljihun biyu ta ƙaru. Inda ta ƙaru da yawa, shingaye sun yi yawa a wannan yanki. Haka lida take. Ana raba ƙarfin hasken 308 da na 355 a kowane tsayi, a duba saurin da wannan rabo ke faɗuwa daga mataki zuwa mataki. Saurin faɗuwar shi ne yawan ozon a wurin.

A nan ƙarfin wannan hanya yake, kuma shi ne rabin amsar ɗalibarka. Tunda canjin rabo ake aunawa daga tsayi zuwa tsayi, ƙarfin lezar ya fita daga lissafi, girman madubi ya fita, ƙurar da ta kwanta a kan madubin ta fita, tsufan bututun ƙirga ma ya fita. Idan lezar ta yi rauni a daren nan, awon zai yi hayaniya amma ba zai karkata gefe ɗaya ba. Na'urorin tauraron ɗan'adam da yawa ba su da wannan gata, suna tsufa a sama babu mai taɓa su, shi ya sa ake komawa ga lida a duba ko sun zame.

An zaɓi 308 ne don tsaka-tsaki. A wajen nanomita 255 ozon ta fi shan haske kusan sau ɗari, da an harba shi ba abin da zai dawo daga can sama. A 308 kuwa, bayan hasken ya ratsa ozon zuwa da dawowa, wajen kashi ɗaya cikin bakwai na tsira. Ya sha isasshen da za a auna, ya kuma rage isasshen da za a ƙirga.

Inda kuskure ke shigowa

Kada ka ɗauka na ce na'urar ba ta kuskure. Tana yi, sai dai mun san ƙofofin.

Ƙofa ta farko ƙarancin haske. Iska tana raguwa da kusan rabi a kowane kilomita biyar, ga nisa, ga ozon na shan nata. Hasken da ke dawowa daga kilomita 45 ya gaza na kilomita 15 sau dubbai. Ƙa'idar ƙirga kuwa ba ta da sassauci: in ka ƙirga ƙwayoyi 10,000 rashin tabbas ɗinka kashi ɗaya ne cikin ɗari, in ɗari kawai ka samu ya zama kashi goma. Kuma in kana son rage shi da rabi sai ka ninka lokacin awo sau huɗu. Shi ya sa awo ɗaya ke cin awa biyu zuwa huɗu, leza na ta ƙara kamar injin ɗinki, kuma da dare kaɗai ake yi don hasken rana zai binne komai. Shi ya sa kuma a can sama ake haɗa matakai da yawa a ɗauki matsakaici. A kilomita 20 lida tana bambance abin da ke tsakanin 'yan ɗaruruwan mitoci, a kilomita 45 sai dai ta ba ka matsakaicin kilomita da yawa.

Ƙofa ta biyu yawan haske, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Ka san yadda fitilar mota ke dalle maka ido da dare, ta wuce amma ka ɗauki 'yan daƙiƙu kana ganin dishi-dishi. Bututun ƙirga ma haka yake. Hasken da ke dawowa daga kilomita na farko-farko yana da ƙarfi ƙwarai, in ya faɗa kan bututun sai ya bar masa wani saura da ke ci gaba da fitowa daidai lokacin da raunannen hasken kilomita 40 ke isowa. Wannan saura ba hayaniya ba ce da matsakaici zai share, karkata awo take yi. Maganinsa wani faifai ne mai juyawa da sauri a gaban bututun, yana rufe ƙofa har sai hasken kusa ya wuce sannan ya buɗe. Haka kuma in ƙwayoyi biyu suka iso kusan tare bututun ɗaya yake ƙirgawa, don haka ana raba hasken gida biyu, babban kaso don saman, ƙaramin kaso don ƙasan, a ɗinke su a tsakiya. Ɗinkin nan wuri ne da ake yawan samun tabo a cikin awo.

Ta uku ƙura da hayaƙin sama. Misalin direbobi ya tsaya ne kan cewa komai nasu ɗaya ne in ban da harajin shanu. Da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a watan Yunin 1991, ya watsa tan miliyan 15 zuwa 20 na iskar farar wuta cikin sitiratosfiya, ta zama ɗigo-ɗigon ruwan asid. Waɗannan ɗigo suna mayar da hasken biyu ba daidai ba, awon ƙasa da kilomita 25 ya rikice na tsawon shekaru biyu zuwa uku. Daga nan aka ƙara wata dabara. Iskar nitirojin tana mayar da ɗan kaɗan na hasken da sabon zango, 308 ya koma 332, 355 ya koma 387. Ɗigon asid ba ya yin haka, don haka in wannan ka ƙirga ka kauce wa mafi yawan rikicin. Farashinsa shi ne hasken ya fi rauni sau ɗaruruwa, don haka a ƙasa-ƙasa kaɗai yake amfani.

Ta huɗu ita ce mai ɓoyewa. Lissafin yana bukatar lamba ɗaya daga waje: yawan hasken 308 da ƙwayar ozon guda ke shanyewa. A ɗakin gwaji ake auna ta, kuma tana canzawa da sanyi, ga shi sitiratosfiya ta tashi daga wajen digiri 80 ƙasa da sifiri a gindinta a ƙasashen zafi zuwa kusa da sifiri a samanta. Akwai rashin tabbas na wajen kashi biyu cikin ɗari a wannan lamba. In ta karkata, duk lida ta duniya tare za su karkata, su kuma yi ta gaskata juna.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Wannan ya kawo mu ga ainihin amsar. Babu na'ura ɗaya da ake ɗauka a matsayin gaskiya. Abin da ake yi shi ne a tara shaidu waɗanda ba ƙofa ɗaya kuskure ke shigar musu ba.

Shaida na farko balan-balan. Ka gaya wa ɗalibar cewa akwai abin da ke hawa can, ko da ba mutum ba ne. Ana ɗaura ɗan akwati mai ƙaramin famfo, yana zuƙo iska yana busa ta cikin ruwan sinadarin potasiyam ayodayid. Ozon tana haɗuwa da ruwan ta haifar da 'yar wutar lantarki, rediyo ya aiko da adadin ƙasa. Babu haske a cikin wannan awo ko kaɗan, ilimin sinadarai ne zalla. Balan-balan ɗin na hawa wajen mita biyar a daƙiƙa har ya fashe tsakanin kilomita 30 da 35. Shaida na biyu na'urar da ke sauraron igiyar rediyon da ozon da kanta ke fitarwa a gigahaz 110 ko 142 (ma'aunin saurin kaɗawar igiya ke nan), dare da rana, ko da gajimare. Na uku na'urorin da ke kan taurarin ɗan'adam, irin su SAGE II da ya yi aiki daga 1984 zuwa 2005 yana duban rana lokacin fitowa da faɗuwa, da MLS da ke kan tauraron Aura tun 2004. Na huɗu na'urar Dobson, don in ka tara ozon ta kowane tsayi dole jimillar ta yi kusa da tata.

Sannan ana gwada lida da lida. Tashoshin da suka daɗe, kamar Haute-Provence a Faransa, Hohenpeissenberg a Jamus, Table Mountain da Mauna Loa a Amurka, da Lauder a Niyu Zilan, suna ƙarƙashin wata cibiyar haɗin gwiwa mai suna NDACC da ta fara aiki a 1991. Hukumar NASA tana da lida a cikin tirela da ake kaiwa tasha-tasha a ajiye kusa da ta gida, su harba a dare ɗaya. An yi irin wannan a Table Mountain a 1989, a Mauna Loa da Lauder a 1995, a Haute-Provence a 2017 da 2018. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne makanta da gangan: kowane ɓangare yana miƙa sakamakonsa ga wani alƙali da ba shi da na'ura a gasar, ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. In ba haka ba, ɗan'adam ne, kana ganin na wani za ka fara "gyara" naka har su yi daidai. Abin da irin waɗannan gwaje-gwaje suka sha nunawa shi ne tsakanin kilomita 20 da 40 ana daidaita cikin kashi biyar cikin ɗari, sau da yawa ma ƙasa da haka. Sama da kilomita 45 bambancin yakan haura kashi goma.

Kwatanta su ma sana'a ce. Balan-balan yana ganin siraran layuka da lida ke shafewa, don haka sai ka shafe nasa daidai da nata kafin ka ce sun saɓa. Iska kuma tana kwasarsa, kafin ya fashe yana iya yin nisan kilomita ɗari daga tashar. Tauraro yana wucewa ne a wani lokaci daban, yana ɗaukar matsakaicin ɗaruruwan kilomita. Wani lokaci su biyun duk gaskiya suka faɗa, iskar ce ba ɗaya ba. Don haka dare ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an tara darare da yawa a ga ko bambancin ya nace a gefe ɗaya.

Na taɓa ganin haka da idona, kuma laifina ne. Mun canza allon da ke ƙirga lokaci, komai ya ci gaba lafiya, zanen ozon na fitowa sumul. Bayan 'yan makonni na jera awonmu da na balan-balan sai na ga wani abu: ƙasa da inda ozon ta fi yawa muna ƙasa da su da kashi huɗu ko biyar, sama da wurin kuma muna sama da su. Na fara zargin famfon balan-balan, don kowa nasa yake karewa. Wani dattijon ma'aikaci ya leƙo ta kafaɗata, ya ce in zana layukan biyu a takarda daban-daban in ɗora ɗaya kan ɗaya a jikin taga. Na ɗora, ya sa yatsa ya ja tawa ƙasa kaɗan, suka hau juna ɗaf. Ba yawan ozon muka kuskure ba, tsayi muka kuskure. Sabon allon yana fara ƙirga kashi biyu cikin miliyan na daƙiƙa kafin lezar ta harba, ni kuma ban gyara lambar a kwamfuta ba. Mita 300 ke nan. Muka ja ɗan hasken lezar ta zaren gilashi kai tsaye zuwa bututun ƙirga don mu ga ainihin inda sifiri yake, na sake lissafin makonnin duka. Na'urar ita kaɗai ba za ta taɓa gaya mini ba.

Abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. Tsakanin 2014 da 2016, awon balan-balan a tashoshi 14 cikin 37 da aka bincika ya faɗi kwatsam da kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Da ba don taurari da na'urorin ƙasa sun tsaya inda suke ba, da an ɗauka ozon ce ta ragu.

Iyakar abin, da kuma mu a nan

Lida ba ta gani ta cikin gajimare, saboda haka tarihin da take bayarwa na dararen da gari ya washe ne kawai. Wuri ɗaya take duba. Tana da tsada, tana son wutar da ba ta ɗaukewa da mutum a kusa. Ko masu hali ba su tsira ba, don a Nuwamban 2022 aman wutar Mauna Loa ya yanke hanya da wutar lantarkin tashar da ke can.

A kusa da Afirka, tashar da aka sani da wannan awo tana tsibirin Reunion ne, a tekun Indiya. A yankinmu balan-balan aka fi amfani da shi: an yi ta sakinsa a Kwatano daga 2005 zuwa 2007, an kuma yi wani babban aiki da shi a Yamai a daminar 2006. Ni a ganina, da za a ce in zaɓa wa ƙasar Hausa, balan-balan na mako-mako zan fara nema kafin lida. Da damina gajimare zai hana ta aiki, da hunturu kuma ƙura za ta shanye hasken tun a kilomita na farko ta kuma kwanta a kan madubi.

In kana son ɗalibar ta taɓa abin da hannunta, ba ta lissafi biyu a allo. Haske ya dawo bayan kashi 160 cikin miliyan na daƙiƙa, daga wane tsayi ya fito? Amsa kilomita 24. Sannan agogon ya yi gaba da kashi biyu, mita nawa aka kuskure, kuma da wace na'ura za ta kama kuskuren?